Playwright, Cypress ko Selenium: yadda mai rubuta manhaja a Katsina zai zaɓi tsarin gwaji

Yawancin aikin manhaja da ke shigowa hannun matasanmu a Katsina bai wuce iri huɗu ba: fotal na makaranta mai karɓar kuɗin zango da fitar da sakamakon jarrabawa, manhajar lissafin kaya ta kantin magani ko babban shago, rajistar marasa lafiya ta ƙaramin asibiti, sai manhajar waya ta sayar da data da katin kira. Kowanne cikinsu yana riƙe da kuɗin mutane ko makin 'ya'yansu. Kuma galibi mutum ɗaya ne ko biyu ke ɗauke da aikin, da laftof mai RAM gigabait 8, da datar da aka saya da kuɗin aljihu, da wutar da ba ta da alƙawari. Tsarin gwajin da ya dace da mai irin wannan aiki shi ne wanda zai iya kunnawa sau goma a yini ba tare da ya yi tunanin batir ko data ba. Da wannan ma'auni za mu auna su.

Tambayar da aka fi yi ita ce, Selenium ko Cypress? Sai dai ba daga nan ake farawa ba. Waɗannan biyun, da Playwright, burauza suke tuƙawa: su buɗe shafi, su cike fom, su danna maɓalli kamar mutum. Gwaji ɗaya irin nasu yakan ci sakan da dama. A ƙarƙashinsu akwai gwajin da ke kiran fankshin ɗaya kai tsaye, ko ya aika buƙata zuwa saba ba tare da burauza ba, kuma ɗaruruwan irinsa kan gama kafin burauza ta gama buɗewa sau biyar. Mafi yawan kurakuran da ke jawo kiran waya da tsakar dare a wannan mataki na ƙasa ake kama su.

Matakin ƙasa: yaren da ka yi aiki da shi ne ke zaɓa maka

A nan babu dogon ciniki. Kusan duka tsare-tsaren jikokin JUnit ne, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta wa Java a 1997, don haka tunaninsu ɗaya: shirya bayani, kira kod, tabbatar da amsa. Mai Java ko Kotlin ya riƙe JUnit 5, wanda ya fito a 2017, ya wuce wurin.

Mai PHP, har da masu Laravel (tsarin gina manhaja da PHP), yana da PHPUnit na Sebastian Bergmann da Pest na Nuno Maduro. Pest a kan PHPUnit aka gina shi, saboda haka tsoffin gwaje-gwajen PHPUnit suna gudana a ƙarƙashinsa ba tare da an sake rubuta su ba. Bambancin yana wajen yawan rubutu. Ga gwajin harafin maki a Pest, bisa tsarin jami'a inda A ke farawa daga 70, F kuma ƙasa da 40:

```php
it('yana ba da harafin da ya dace', function (int $maki, string $harafi) {
    expect(harafinMaki($maki))->toBe($harafi);
})->with([[70, 'A'], [69, 'B'], [60, 'B'], [59, 'C'],
          [45, 'D'], [44, 'E'], [40, 'E'], [39, 'F']]);
```

Dubi lambobin da aka zaɓa. Ba a gwada 85 ko 20 ba, domin kuskure ba ya zama a tsakiya. A bakin iyaka yake zama, inda wani ya rubuta `>` a maimakon `>=`, ɗalibin da ya ci 70 cif ya tashi da B. Rubuta wannan gwaji kuma zai tilasta maka yin tambayar da ya kamata a yi wa jami'in jarrabawa tun farko: idan makin gwajin aji da na jarrabawa suka haɗu suka ba da 69.5, ɗagawa za a yi ko a bar shi? Wannan hukuncin makaranta ne, ba na mai kod ba. A sabon aiki mun fi son Pest. Aikin da ya riga ya tara gwaje-gwajen PHPUnit kuwa, babu dalilin ɓata mako wajen sauya su.

Mai Python yana da unittest da ke zuwa tare da yaren, da pytest wanda Holger Krekel ya fara. A nan pytest ya yi nisa. Da `assert` kawai ake rubutawa, idan gwaji ya faɗi yana nuna ƙimar ɓangarorin biyu, `parametrize` yana yin abin da `with` ke yi a Pest, kuma yana gudanar da gwaje-gwajen unittest da na Django idan an haɗa da pytest-django. Mai JavaScript ya duba abin da ke gina aikinsa: idan Vite ne, Vitest zai karanta saitin da ke nan, idan kuma tsohon aikin React ne ko React Native, Jest ne a gida. Jest yana ba da wahala da sabon salon `import` idan ba a saita Babel daidai ba, wannan shi ne babban abin da ke kora mutane zuwa Vitest. Ƙaramin aikin saba kuma, Node yana da nasa `node:test`, wanda ya tabbata a siga ta 20, da ba ya buƙatar sauke komai.

Inda ake ƙonewa a wannan mataki shi ne rumbun bayanai, kuma ya kamata mai Laravel ya karanta wannan sau biyu. `RefreshDatabase` yana share duka teburan rumbun da ya samu, ya sake gina su, sannan ya riƙa janye duk abin da kowane gwaji ya rubuta da zarar ya gama. Rumbun da zai taɓa shi ne wanda aka nuna masa a `phpunit.xml` ko `.env.testing`. Amma idan an taɓa yin `php artisan config:cache` ba a goge ba, Laravel ba zai kula da waɗannan fayiloli ba, zai ɗauki saitin da ya adana, wato rumbun aikinka na gaske. Umarni ɗaya, sakamakon zango uku ya tafi. Saboda haka a yi `php artisan config:clear` kafin gwaji, a ba rumbun gwaji suna na daban da mai amfani na daban wanda ba shi da izini a kan na gaske, kuma kada a taɓa kunna gwaji a kan sabar da abokin ciniki ke aiki da ita.

Mutane da yawa suna gwaji da SQLite na cikin ƙwaƙwalwa saboda sauri, alhali manhajar a kan MySQL za ta zauna. Saurin gaskiya ne. Amma SQLite ba ya tilasta tsawon `VARCHAR`, ba ya tsananta wa nau'in bayani, kuma wasu fankshin na kwanan wata da MySQL ke da su babu su a cikinsa. Sai gwaji ya ci a laftof, manhaja ta faɗi a saba. Idan aikin yana da rahotanni masu ɗanyen SQL, a yi gwaji da MySQL ɗin kansa, ko da zai ƙara minti ɗaya.

Bayanan da za a gwada da su

Tsarin gwaji ba zai san sunayenmu ba sai an ba shi. Kayan ƙirƙirar bayanan bogi suna zuba sunayen Turawa, waɗanda ba su da ƙugiya ba su da waƙafi a sama. A sa Sa'adatu, Mu'azu, Ya'u da Isma'il cikin bayanan gwaji, domin wannan ɗan waƙafin shi ne ke fasa SQL ɗin da aka haɗa da hannu, kuma allon rubutun waya yakan aiko da lanƙwasasshe a maimakon miƙaƙƙe, sai bincike ya kasa gano ɗalibar da ke cikin rajista. A sa Ɗanmusa, Ƙanƙara, Ɓatagarawa da Mai'aduwa a gurbin ƙaramar hukuma. Kowane harafi mai ƙugiya bait biyu ne a UTF-8, don haka `strlen` na PHP zai ƙirga fiye da abin da ido ke gani, `strtoupper` kuma zai bar ƙ yadda take. `mb_strlen` da `mb_strtoupper` ne maganinsu. Idan tebur yana kan latin1 ba utf8mb4 ba, haruffan su koma alamar tambaya. Haka ma takardar sakamako ta PDF: idan salon rubutun da aka zaɓa ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da alamar ₦, akwatuna ko alamun tambaya za su fito a takardar da uba zai riƙe. DomPDF yana zuwa da DejaVu Sans, wanda ke da su.

Lambar waya kuma a gwada ta ta fuska uku: mai lamba 11 da ke farawa da sifili, mai +234, da wadda Excel ya cinye wa sifilin farko lokacin da sakataren makaranta ya shigar da jerin iyaye. Kuɗi a riƙe shi a kobo, lamba cikakkiya. A kwamfuta 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, suna ba da 0.30000000000000004, kuma Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ma a kobo yake karɓar adadi, don haka wanda ya manta ninkawa da 100 zai caji naira 500 a maimakon 50,000.

Sai biyan kuɗi kansa. Kowa ya san kiran: "Injiniya, iyaye sun biya, an cire masu kuɗi, amma fotal bai nuna ba." Ko akasinsa, wanda ya fi muni ga mai sayar da data: an zuba wa mutum kuɗi sau biyu a asusunsa. Kamfanin biyan kuɗi yana aiko wa sabarka saƙon tabbaci, idan bai samu amsar 200 ba sai ya sake aikowa. Gwaji uku ne ke rufe wannan ƙofa, kuma duka ba sa buƙatar burauza ko intanet: a aika saƙo ɗaya sau biyu a tabbatar sau ɗaya aka zuba kuɗi, a aika saƙo mai sa hannun bogi a tabbatar an ƙi shi, a aika saƙon da adadinsa bai kai kuɗin da ake bi ba a tabbatar ba a rubuta "an biya" ba. A Laravel `Http::fake()` ne ke tsayawa a madadin kamfanin, a Python akwai `responses` ko `unittest.mock`. Wanda ya rubuta waɗannan ukun ya fi wanda ya rubuta gwajin burauza hamsin kwanciyar hankali.

Matakin burauza: nan zaɓin yake da nauyi

Selenium shi ne dattijo. Jason Huggins ya fara shi a kamfanin ThoughtWorks a 2004, aka haɗe shi da WebDriver na Simon Stewart a siga ta 2 a 2011, ƙa'idar WebDriver ta zama ma'aunin W3C a 2018, Selenium 4 ya fito a 2021. Ƙarfinsa a faɗi yake: Java, Python, C#, Ruby da JavaScript duk suna da shi a hukumance, yana tuƙa ainihin Chrome, Firefox, Edge da Safari, kuma Appium na waya a kan ƙa'idarsa aka gina shi. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke hangen aikin gwajin manhaja a banki ko babban kamfani ba zai yi asarar koyonsa ba, domin tsoffin manyan ayyuka da yawa a kansa suke.

Amma Selenium matuƙin burauza ne kawai. Ba shi da mai gudanar da gwaji, ba shi da rahoto, sai ka haɗa shi da pytest ko JUnit ko TestNG da kanka. Babbar matsalarsa jira. Idan ka ce ya nemo maɓalli, nan take yake nema, idan shafin bai gama lodi ba sai ya ce babu. Sabon shiga sai ya sa `sleep(5)`. A laftof mai sauri sakan biyar ɓarna ce, ranar da na'urar ta yi nauyi kuma ba su isa ba, sai gwaji ya ci yau ya faɗi gobe ba tare da an taɓa kod ba. Hanyar da ta dace ita ce `WebDriverWait` mai sharaɗi, ya jira har maɓallin ya zama abin dannawa. Kada a gauraya shi da jiran bai-ɗaya na `implicitly_wait`, takardun Selenium kansu sun yi gargaɗin cewa haɗa su na sa lokacin jira ya rikice. Akwai kuma `StaleElementReferenceException`, wanda ke fitowa idan ka riƙe maɓalli a hannu sannan React ko Livewire suka sake zana shafin. Maɓallin da ido ke gani sabo ne, wanda ka riƙe ya mutu, sai an sake nemo shi. Tsohuwar matsalar rashin jituwar ChromeDriver (direban da Selenium ke tuƙa Chrome da shi) da Chrome, wadda ke dawowa duk lokacin da Chrome ya sabunta kansa, Selenium Manager ya rage ta tun siga ta 4.6, sai dai yana buƙatar intanet a lokacin da zai sauko da direban.

Laravel Dusk ɗan wannan gida ne, ChromeDriver yake amfani da shi. Amfaninsa shi ne da PHP za ka rubuta, kana iya kiran `loginAs` da kayan ƙirƙirar bayanan gwaji na Laravel kai tsaye. Idan Chrome ya wuce direba, `php artisan dusk:chrome-driver --detect` ne gyaran. A kula, `RefreshDatabase` ba ya aiki da Dusk, domin burauza da gwajin ba a tsari ɗaya suke gudana ba, abin da gwajin ya rubuta bai kai ga burauza ba. `DatabaseTruncation` ko `DatabaseMigrations` ake sawa.

Cypress ya zo da wata dabara: a cikin burauzar yake zaune tare da shafinka. Wannan ya ba shi abin da ya fi kowa a wajen koyo. Kana kallon gwajin yana tafiya, kana iya komawa kowane mataki ka ga yadda shafin yake a lokacin. Yana jira da kansa, yana sake nema har sakan 4 kafin ya haƙura, `cy.intercept` kuma yana tare buƙatun saba cikin sauƙi. Ga mai Vue ko React da bai taɓa rubuta gwaji ba, rana ɗaya ta isa ya fara ganin amfani.

Zaman cikin burauzar ne kuma ya ɗaure shi. JavaScript ko TypeScript kawai yake ji. Ba ya tuƙa taga biyu a lokaci guda, don haka maɓallin "buga rasit" da ke buɗe sabon shafi sai an yi masa dabara. Tsallakawa zuwa wani adireshin intanet sai da `cy.origin`, wanda ya tabbata a siga ta 12 a ƙarshen 2022. Abin da ya fi shafarmu shi ne iframe, wato shafin da aka saka a cikin wani shafi, na wani adireshi, domin akwatin biyan kuɗin da ke tasowa a kan shafi irin wannan ne, kuma Cypress ba ya shiga cikinsa kai tsaye. Umarninsa ma layi suke shiga, ba a yi masu `await`, wanda ya saba da JavaScript na zamani zai sha mamakin ganin ma'ajiyar ƙima (variable) da ya ɗauka ta cika har yanzu fanko ce. Raba gwaje-gwaje a kan na'urori da yawa ta hanyar hukuma kuwa sai da Cypress Cloud, wanda galibi hidimar kuɗi ce da dala. Ta fuskar na'ura, yana da nauyin saukewa, ɗaruruwan megabait, kuma yanayin kallo yana tara hotunan gwaji 50 na baya a ƙwaƙwalwa. A laftof mai gigabait 8 a rage `numTestsKeptInMemory` zuwa 5 ko ƙasa. Idan ku uku ne a ofis, mutum ɗaya ya sauke fayil ɗin zip, sauran su nuna wa `CYPRESS_INSTALL_BINARY` inda yake a filasha.

Playwright na Microsoft ne, ya fito a 2020, kuma mutanen da suka gina Puppeteer a Google ne suka fara shi. Daga waje yake tuƙa burauza kamar Selenium, amma yana jira da kansa kamar Cypress, har ma ya zarce: kafin ya danna maɓalli sai ya tabbatar ana ganinsa, ya daina motsi, ba a kashe shi ba, kuma babu abin da ya rufe shi. Tabbatarwa tana sake dubawa har sakan 5, gwaji guda yana da wa'adin sakan 30. Yana da TypeScript, Python, Java da .NET, yana tuƙa Chromium, Firefox da WebKit (injin da Safari ke aiki da shi). Taga biyu, adireshi daban, iframe ta `frameLocator`, duk ba matsala. Kana iya buɗe bursa a gefe ɗaya da uba a ɗaya gefen cikin gwaji guda, uba ya biya, ka duba ko ya bayyana a shafin bursa.

Abubuwa uku ne suka sa muke fifita shi a nan. Na farko `context.setOffline(true)`, wanda ke yanke intanet a tsakiyar gwaji. Malami ya shigar da makin ɗalibai 60, sabis ya ɗauke, ya danna "adana": me zai faru da abin da ya rubuta? Da `page.route` kuma kana iya jinkirta amsar saba, ka danna "biya" sau biyu kamar yadda duk mai jiran sabis ke yi, ka ga ko an buɗe ciniki biyu. Na biyu fayil ɗin sawu: idan aka saita `trace: 'on-first-retry'`, gwajin da ya faɗi aka sake gwada shi yana barin fayil mai hoton kowane mataki da duk buƙatun da aka aika, ka buɗe shi a laftof ɗinka ko babu intanet. Na uku, raba aiki kyauta ne, da `--workers` a na'ura ɗaya ko `--shard` a na'urori da yawa.

Shi ma yana da nasa cizon. Kowace sabuwar sigar Playwright tana neman nata burauzoji, don haka sabunta shi na nufin sake saukewa. Kada a yi `npx playwright install` haka kawai, zai jawo duka ukun. A rubuta `npx playwright install chromium`, ko a sa `channel: 'chrome'` a saiti ya yi amfani da Chrome ɗin da ke kan na'urar, sannan a kulle lambar siga a `package.json`. Yana buɗe ma'aikata, wato masu gudanar da gwaji a lokaci guda, daidai rabin ƙwayoyin sarrafawar kwamfuta, kowanne da burauzarsa, idan RAM ya cika sai gwaje-gwaje su fara faɗuwa saboda wa'adi, ba saboda kuskure ba. A ƙaramar na'ura `--workers=1` ko 2 ya fi. Idan ma'aikata biyu suna taɓa ɗalibi ɗaya a rumbu ɗaya, za su riƙa ture juna, don haka kowane gwaji ya ƙirƙiri nasa ɗalibin. Shiga da kalmar sirri a yi shi sau ɗaya a adana da `storageState`. Ba shi da PHP a hukumance, mai Laravel zai rubuta wannan kashi da TypeScript, ko ya duba Pest na 4 wanda gwajin burauzarsa a kan Playwright yake. WebKit ɗinsa kuma ba Safari ba ne cif, kusa ne kawai.

Kowanne aka zaɓa, a nemo abubuwa da abin da mutum ke gani ko da alama ta musamman, `getByRole` ko `data-testid`, ba da doguwar hanyar XPath da aka kwafo daga burauza ba, wadda ƙara `div` ɗaya ke karya ta. Kuma gwajin da ke ci yau ya faɗi gobe a gyara shi a makon ko a cire shi. Karen da ke haushi kowane dare, ranar da ɓarawo ya shigo ba wanda zai leƙo.

Hukuncinmu a wannan mataki: sabon aiki, Playwright. Ƙungiyar da ta riga ta tara gwajin Selenium masu aiki, ko take buƙatar ainihin Safari, ta zauna inda take ta gyara jiranta. Cypress ya dace da aikin da duk rayuwarsa a adireshi ɗaya take, babu akwatin biyan kuɗi, kuma masu aikin 'yan JavaScript ne. Dusk ya isa ga mai Laravel shi kaɗai da ke son gwaji biyar ko shida ba tare da koyon sabon yare ba. Adadin ma kada ya yi yawa: shiga, rajistar ɗalibi, biyan kuɗi, shigar da maki, buga sakamako. Goma zuwa ashirin sun ishi fotal na makaranta. Robot Framework, wanda aka raina a Nokia aka sake shi ga jama'a a 2008, da Cucumber, suna ba da damar rubuta gwaji da jimloli masu kama da magana. Suna da amfani idan akwai wanda ba mai kod ba da zai karanta su da gaske. Idan kai kaɗai ne mai rubutawa kuma mai karantawa, ƙarin hawa ne kawai.

Waya

Kwaikwayon waya na Playwright girman allo, sunan burauza da makamantansu kawai yake canzawa, injin laftof ɗinka ne ke aiki a ƙasa. Ba zai nuna maka yadda shafin ke ja a itel ko Tecno mai RAM gigabait 2 ba. Opera Mini kuma, a yanayin tsimin data mai tsanani, a sabar kamfanin ake sarrafa shafin kafin ya iso waya, JavaScript da yawa ba ya aiki yadda aka saba, kuma babu ɗaya cikin ukun nan da ke tuƙa shi. Wannan sai da hannu, kafin kowace fitarwa.

Ga manhajar waya ta gaske, mai Flutter ya fara da `flutter test`, wanda ke gwada allo ba tare da waya ko kwaikwayonta ba, cikin sakanni. Tarkonsa `pumpAndSettle`: yana jiran motsi ya tsaya, idan akwai da'irar lodi mai juyawa ba iyaka sai ya jira har wa'adi ya ƙare, a irin wannan wuri `pump` da ƙayyadadden lokaci ake sawa. Kunshin `integration_test` yana gudana a waya amma ba ya iya danna akwatin neman izini na Android, sai an haɗa da Patrol. Mai Kotlin yana da Espresso na Google, mai sauri saboda a cikin manhajar yake zaune. Appium ya fi kowa faɗi, Android da iOS da yare iri-iri, amma girka shi aiki ne: Node, JDK, Android SDK, direban UiAutomator2, kuma gwajin iPhone sai da Mac. Maestro, wanda ake rubuta matakansa a fayil ɗin YAML, ya fi sauƙin farawa ga ƙaramar ƙungiya.

Kwaikwayon Android a laftof yana cin RAM, hoton tsarinsa kaɗai ya kai gigabait, kuma sai an kunna damar kwaikwayo a BIOS. Tsohuwar waya da kebul ta fi shi arha da gaskiya: a danna lambar gini sau 7 a saituna, a kunna gyara ta USB, `adb devices` ya nuna ta. Da ita za a gwada abin da ya fi cutar masu ƙananan wayoyi. Mutum yana tsakiyar biya, ya fita duba lambar sirrin da banki ya turo ta saƙo, Android ya kashe manhajar don neman wuri, ya dawo ya tarar da shafin farko. A tura manhajar baya, a yi `adb shell am kill` da sunan kunshinta, a dawo a ga ko ta tuna inda aka tsaya.

Inda gwajin zai riƙa gudana

Gwaje-gwaje masu nauyi a ɗora su kan GitHub Actions, hidimar da ke gudanar da gwaji a kan na'urorin GitHub. Ma'ajiyar kod ta fili kyauta ce, ta sirri kuma tana da minti 2,000 a wata a tsarin kyauta. Saukar da burauza da sauran kaya a can ake yin ta, ba da datarka ba, kuma ɗaukewar wuta ba ta katse ta. A yi amfani da na'urar Linux, domin Windows da Mac sun fi cin mintuna. Tsarin da ke aiki shi ne: gwajin ƙasa a laftof kafin kowace turawa, na burauza a can bayan an tura.

Na'urorin can a kan agogon UTC suke, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Kuɗin da aka biya ƙarfe 12:30 na dare ranar 1 ga wata a Katsina, a wurinsu 11:30 ne na daren ƙarshen watan da ya wuce, sai ya faɗa rahoton wata daban, ko wanda ya makara ya kuɓuta daga tarar makara. Kada gwaji ya dogara da agogon na'ura. A daskarar da lokaci da `travelTo` a Laravel, freezegun a Python, `vi.setSystemTime` a Vitest, a Playwright kuma a sa `timezoneId: 'Africa/Lagos'`, sannan a rubuta gwaji ɗaya takanas na biyan da ya faɗo tsakanin 12 da 1 na dare.